ƊAURE RAƘUMI A DAREN ISKA: LADABIN MURIDI IDAN HADARI YA TASO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin iska da girgije, wanda ganye ba ya motsi sai da izininsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga Shehinmu Ahmadu Tijjani (RTA) da halifofinsa da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.



Ni ba malami ba ne, yaro ne a cikinku, ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Da son raina ne da na bar wannan magana ga manya. To amma damina ta ƙarato, kuma akwai darasin da aka koya mini da tsada, ina ganin ɓoye shi cin amana ne. Darasin shi ne: yin tanadi saboda iska da hadari sunna ce, kuma yana cikin ladabin muridi, kamar yadda lazimi da wazifa suke cikin ladabinsa.

DAREN DA NA ƘI JIN MAGANA

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Guna, kudu da birnin Damagaram, a gundumar Mirya. Wata shekara da farkon damina, gero bai fi tsawon ɗan yatsa ba, na je gida hutun kwana biyu. Ranar da na sauka Inna ta ja ni bayan ɗakinta, ta nuna mini tsaga a bangon gabas, tun daga sama har kusa da gindi. Ta ce, "Ɗan nan, ka nemo abokanka ku yaɓe mini wannan kafin ruwa ya yi ƙarfi." Na ce, "Inna, Allah ne mai tsarewa. In na dawo babban hutu ma yi." Ba ta ƙara cewa komai ba.

Washegari aka wuni ana zafi irin wanda ko ganye ba ya kaɗawa. Bayan sallar Magariba muka zauna a zawiya, an shimfiɗa farin ƙyalle za a buɗe wazifa. Zawiyar tamu ginin ƙasa ce mai rufin kwano, an danne kwanon da duwatsu. Muƙaddaminmu, dattijo ne da ya haura shekara saba'in, ya miƙe ya fita ƙofa, ya daɗe yana duban gabas. Da ya dawo sai ya ce, "A naɗe ƙyallen. Kowa ya tafi gida ya tara iyalinsa, ya kashe wuta, ya ɗaure dabbobinsa. Wazifar yau kowa ya yi ta a ɗakinsa."

Jama'a suka watse. Mu uku, samari, muka noƙe muka zauna. Ban faɗa da baki ba, amma a zuciyata na ce, yaya za a tashi daga majalisin ambaton Allah saboda iska? Ina yaƙinin da ake koya mana? Na ɗauka tsufa ne ya sa Malam tsoro. Allah ya yafe mini wannan zato.

Ba mu gama istigfari ba sai muka ji gari ya ɗauki ƙugi. Ƙura ta shigo ta kowace kafa, har mutum ba ya ganin na kusa da shi. Ƙofa ta ɓalle ta bugi bango, nan take rufin ya ɗaga kamar an ɗauke faifai daga bakin ƙwarya. Duwatsun da aka danne kwanon da su suka zubo cikin ɗaki. Gefen kwano ya yanki ɗayanmu a dantse, yanka mai zurfi, har yau tabon yana nan. Muka rarrafa kusurwa muka dunƙule, muka ja tabarma a kanmu. Zikirin da muka ce ba za mu bari ba, wallahi ban san inda muka tsaya a cikinsa ba.

Da ruwa ya tsagaita na ruga gida. Bangon da Inna ta nuna mini ya kwanta a kan gadonta. Abin da ya tsirar da ita, bayan ikon Allah, shi ne maƙwabcinmu da ya ji maganar Malam ya dawo gida da wuri, ya leƙo ya ce da ƙanwata ta mai da Inna ɗakin kawunmu mai ginin siminti. Shi ya bi umarni ya zama sanadin tsirar mahaifiyata. Ni da na tsaya nuna yaƙini, ban tsinana wa kowa komai ba.

Da safe na je gaban Malam na durƙusa, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka karanta abin da ya faru a daren Tabuka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, na san yaƙin, ban san daren ba." Sai ya ba ni labarin.

DAREN TABUKA

A shekara ta 9 bayan Hijira Annabi (SAW) ya fita da rundunar musulmi zuwa Tabuka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi (RA) cewa da suka isa, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai iska mai tsanani za ta taso a wannan dare. Ya hana kowa miƙewa tsaye a cikinta, ya kuma umarci duk mai raƙumi ya ɗaure shi da kyau. Suka ɗaure. Iskar ta zo kamar yadda ya faɗa. Wani mutum ya miƙe tsaye, iska ta sure shi ta jefa shi can duwatsun Ɗayyi'u.

Ya ɗan'uwa, tsaya ka dubi wannan. Wa ke cikin sansanin nan? Mafificin halitta, wanda addu'arsa ba a mayar da ita. Da ya so da ya ɗaga hannu ya roƙi a kawar da iskar. Amma abin da ya koya wa sahabbai a wannan dare abu uku ne: a sanar da mutane tun da wuri, a ɗaure abin da iska za ta iya tafiya da shi, kuma kowa ya yi ƙasa kada ya tsaya. Duk abin da masana yanayi suke faɗa a yau game da tsira daga iska, in ka tace shi, ba ya fita daga ukun nan. Wanda kuwa ya saɓa, kasancewarsa cikin rundunar Annabi (SAW) bai hana iska ɗaukarsa ba.

Uwar muminai A'isha (RA) ta ba da labari cewa idan Annabi (SAW) ya ga hadari ko iska, ana ganin abin a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka sannan hankalinsa ya kwanta. Da ta tambaye shi, sai ya tuna mata mutanen Adawa, waɗanda suka hango girgije ya nufo kwarurrukansu suka yi murna cewa ruwa ne, ashe iskar halaka ce, wadda aka saukar musu dare bakwai da wuni takwas. Ya kasance yana roƙon alherin da iskar ta zo da shi, yana neman tsari daga sharrinta, kuma ya hana a zage ta, domin ita abar umarta ce. Ashe damuwa idan gabas ta yi baƙi ba raunin imani ba ne. Wanda ya fi kowa sanin Allah ya fi kowa taka tsantsan.

Haka nan Abdullahi ɗan Umar (RA) ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, sannan ya yi shela kowa ya yi salla a masaukinsa, ya ce haka Annabi (SAW) yake umartar ladani a irin wannan dare. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi sauƙin haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa, don mutane su koma gida kafin duhu da taɓo su tsananta. To idan jam'in sallar farilla an yi rangwame a kansa saboda iska da ruwa, ina ga haɗuwar wazifa? Shi ya sa malamanmu suka ce mai uzuri ya yi wazifarsa shi kaɗai, babu laifi a kansa.

TAWAKKALI AIKIN ZUCIYA NE

Kuskurena a wancan dare kuskure ne da yake yawan samun matasan ɗariƙa. Muna jin labarin karamomin bayin Allah, zukatanmu su cika da shauƙi, sai mu ɗauka barin sababi shi ne alamar kusanci. Manyan wannan hanya ba haka suka koyar ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani a babin tawakkali na Ihya'u cewa kwanciya a hanyar ambaliya, ko ƙarƙashin bangon da ya karkata, ko rufin da ya karye, ba tawakkali ba ne, abu ne da aka hana, domin mai yinsa ya jefa kansa ga halaka ba tare da wata fa'ida ba. Da na karanta wurin sai na ga kamar bangon Inna yake nufi. Ibnu Aɗa'illah, mai littafin Hikam, shi ma ya nuna cewa wanda Allah ya tsayar a cikin sabubba, in ya nemi fita daga cikinsu da ra'ayin kansa, akwai son zuciya a ɓoye cikin neman nasa. Da na binciki kaina na samu haka ne. Abin da ya zaunar da ni a zawiya so ne a ce wane ya fi kowa ƙarfin zuciya. Nafsu ce ta saka rigar yaƙini.

Ku tuna Annabi Nuhu (AS), an yi masa alkawarin tsira, amma sai da ya sassaƙa jirgi. Annabi Yusufu (AS) ya tara abinci shekara bakwai saboda fari. Annabi Yaƙubu (AS) ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi dabam-dabam, alhali ya san hakan ba ya tunkuɗe hukuncin Allah. Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, da aka yi masa magana ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Wani zai ce, ai wanda gini ya faɗa wa ko ruwa ya ci shahidi ne. Gaskiya ne, hadisi ya inganta a kan haka, kuma shi ne abin da muke yi wa waɗanda suka rasa nasu ta'aziyya da shi. Amma wannan bushara ce ga wanda abin ya riska, ba izini ba ne ga magidanci ya bar 'ya'yansa su kwana ƙarƙashin bango mai tsaga. Kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Hannu ya ɗaure raƙumi, zuciya ta san igiya ba ta tsare komai sai Allah ya so. Wannan shi ne tawakkalin mutanen Allah.

MU SAN ABIN DA KE ZUWA MANA

Sanin yadda Allah ya tsara halittarsa yana ƙara tsoronsa, kuma yana taimakon shiri. Ga kaɗan daga abin da muke karantawa a jami'a.

Guguwar da muke gani da bazara tana juyi da ƙura da ledoji a fili, wadda yara ke cewa aljanu ne ke wucewa, yawanci ƙarama ce, zafin ƙasa ke tada ita, ba ta daɗewa. Akwai kuma babbar guguwa mai saukowa daga cikin hadari kamar mazurari, tana juyawa tana tumɓuke duk abin da ta taɓa. Irin wannan ta fi yawa a Amurka, inda ake samun sama da 1,000 a shekara. Wadda ta faɗa wa garin Joplin ranar 22 ga Mayu 2011 ta kashe mutum fiye da 150. A ƙasarmu irinta ba ta da yawa.

Abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne iskar gaban hadari. Da farkon damina, daga Mayu zuwa Yuli, iska mai laima tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ta tarar da ƙasa ta gasu. Zazzafar iska ta yi sama, gizagizai su yi tsiri har su haura kilomita 10, su jeru su kama tafiya daga gabas zuwa yamma. Ruwan da ke zuba a cikinsu yana sanyaya iska, ta yi nauyi ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaba tana share rairayi. Wannan shi ne jan bangon ƙurar da muke hangowa kafin ruwa, irin wanda ya rufe Yamai ranar 4 ga Mayu 2020 har rana ta zama kamar dare. Bugunta na iya kai gudun kilomita 100 a awa. Kuma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi.

Me ya sa take ɗauke kwano? Idan ta bi ta saman rufi da gudu tana tsotsarsa sama. In kuma ƙofa ko taga ta ɓangaren da take bugowa ta buɗe, sai ta cika ɗakin ta tura rufin daga ciki. Tsotso daga sama, turi daga ƙasa, ƙusar da ta yi tsatsa ba za ta riƙe ba. Abin da ya sami zawiyarmu ke nan sa'ad da ƙofa ta ɓalle.

Alamominta kuwa kakanninmu sun san su: zafi mai nauyi da tsayawar iska, jan gabas ko baƙinta, walƙiya daga nesa, sannan wata iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Daga wannan sanyin zuwa bugun farko, sau da yawa mintoci kaɗan ne.

KAFIN HADARI: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, tun zamanin sarakunan Damagaram na da, ya rushe bayan ruwa mai yawa. A daminar wannan shekara mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, kuma abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Idan ɗakin Allah da aka yi sujada a cikinsa fiye da shekara ɗari da hamsin bai fita daga dokar da Allah ya ɗora wa ƙasa da ruwa ba, to ɗakina da naka ba za su fita ba. Mu yi waɗannan tun rani:

Na ɗaya, a zagaya gida a duba bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. A yaɓe tsaga, musamman ta gabas, a cike gindin bango da ƙasa don kada ruwa ya kwanta, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci ta. Ɗakin da ya karkata a daina kwana cikinsa.

Na biyu, rufin kwano a ƙara masa ƙusa, a ɗaure katakon da waya ko ƙarfe har cikin gini. Danne kwano da duwatsu ba ɗauri ba ne, in rufin ya ɗaga su ne farkon abin da ke faɗowa kan mutane. Jinka da rumbu da danga a sabunta igiyarsu.

Na uku, a sare busassun rassan da suka rataya kan ɗaki. Bedi yana da inuwa, amma reshensa na karyewa. A gona kuwa a bar itatuwa. Gawon da manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka raya ta hanyar sassaben zamani yana karya ƙarfin iska, yana hana rairayi binne shuka.

Na huɗu, kowane gida ya san ɗakin da za a taru in abu ya taso: mafi ƙarfin gini, mai ƙananan tagogi, nesa da babban icce. In babu a gidanka, ka yi magana da maƙwabci tun yanzu. A tanadi tocila, da tulun ruwa a rufe, da tsumma mai tsabta na ɗaure rauni. Takardun haihuwa da na gona da littattafai a sa su cikin leda.

Na biyar, a saurari hasashen ma'aikatar yanayi ta ƙasa a rediyo. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ma tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin shuka. Wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba, lura ce da alamomin da Allah ya sanya, kamar yadda Malam ya dubi gabas. Mu masu wayoyi, in saƙo ya zo mu isar da shi ga waɗanda ba su da su.

Na shida, zawiya ta yi gayya. Muna da hannaye da yawa. Juma'a guda kafin zikiri, samari su bi gidajen tsofaffi da gwauraye da marayu da makarantun allo, a yaɓe, a ɗaure. Hidima ce, kuma shehunanmu sun ce hidima tana kai muridi inda yawan nafila ba ta kai shi ba.

IDAN TA TASO

Da ka ga alama, fara da yara. A kirawo su daga wasa da kiwo, a ƙirga su. A kashe wutar murhu da garwashi, domin tartsatsi guda a cikin iska ya isa ya cinye unguwa mai danga da zana. A shigar da kwanuka da faranti da duk abin da zai iya tashi. A ɗaure dabbobi a turke, amma ba gindin bangon da ake shakka ba. A rufe ƙofa da taga a sa sakata, a cire kayan lantarki daga wuta.

A cikin ɗaki a zauna ƙasa, nesa da ƙofa da taga. In rufi ya fara ɗagawa kada kowa ya kama shi, mutane da yawa sun ji rauni wajen riƙon kwano. A dunƙule, a kare kai da wuya da hannu, a ja katifa ko tabarma a rufa, babba ya rufe yaro da jikinsa. In kuwa kun ji bango yana ƙara, ko ƙasa ta fara zubowa daga azara, a fita nan take zuwa ɗakin da aka tanada, kada a tsaya kwasar kaya.

In a gona ko a hanya ta riske ka, kada ka fake gindin icce. Reshe na karyewa, kuma aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo da ke tsaye shi kaɗai. Ajiye hauya da duk wani ƙarfe nesa da kai, ka nemi wuri mai ɗan gangare wanda ba hanyar ruwa ba, ka yi ƙasa ka kare kanka, ka rufe hanci da baki da rawani. Wannan ita ce wasiyyar Tabuka: kada a tsaya. Mai babur ya sauka, mai mota ya fita daga kan titi ya tsaya nesa da itatuwa da turakun lantarki.

Tsakanin walƙiya da tsawa ka ƙirga: kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita guda ce. Muddin kana jin tsawa, aradu na iya kai wa inda kake, don haka a jira kamar rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Ƙorama kuwa in ta kawo, kada a gwada ta. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato.

A cikin duk wannan harshe kada ya bushe. Ka yi addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar, wanda bai haddace ta ba ya tambayi muƙaddaminsa tun yau. Ka yawaita istigfari da salati, da murya mai natsuwa, don yara su ji su samu kwanciyar hankali. Zikiri ba ya buƙatar ka zauna ƙarƙashin rufin da zai faɗo. Ana yin sa a guje, ana yin sa a dunƙule, ana yin sa da yaro a kafaɗa.

BAYAN TA WUCE

A fara da hamdala, sannan a ƙirga mutanen gida, sannan a leƙa maƙwabta, musamman tsofaffi da masu zama su kaɗai. A sa takalmi, a haska tocila, saboda ƙusa da yankakken kwano da macizai da kunamu da ruwa ya koro. Wayar lantarki da ta faɗi kada a taɓa ta, kada a taka ruwan da take ciki. Mai zubar jini a danne raunin da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti, yankan kwano mai tsatsa yana buƙatar allura. Wanda gini ya danne a tone shi a hankali, in ana zaton ya bugu a wuya ko baya kada a ja shi da ƙarfi. Wanda aradu ta buga babu wata wuta da ta saura a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi da gaggawa. A birni lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18. Bangon ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka kada a yi saurin komawa.

Kuma mu kiyaye harsunanmu. Kada mu ce gidan wane ya faɗi saboda zunubinsa. Wa ya ba mu labarin abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa? Namu shi ne mu kai masa hatsi da tabarma, mu taya shi buga tubali.

Mun sake gina ɗakin Inna da kaka, ni da abokan nan biyu. Malam da kansa ya zo ya ɗora tubalin farko, ya dube ni ya ce, "Wannan ma wuridi ne." Tun daga ranar, duk lokacin da ya ce a tashi, ni ne farkon mai naɗe ƙyalle.

Ya Allah, don alfarmar Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), ka ba mu damina mai albarka, ka sanya iskarta rahama, kada ka sanya ta azaba. Ka tsare gidajenmu da gonakinmu da zawiyoyinmu. Ka jiƙan waɗanda ruwa da gini suka yi ajalinsu, ka karɓi shahadarsu, ka mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Ka ba mu ladabi da shehunanmu da iyayenmu, ka raba mu da ruɗin nafsu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina roƙon malamai su gyara mini, 'yan'uwa kuma su sa ni cikin addu'a.